Mutuwar yatsu a kan keke: kafin ka sayi magani, duba safar hannunka

Yau zancen safar hannu zan yi muku, kuma wani dattijo ne ya jawo shi.

Kwanakin baya wannan bawan Allah, wanda ya saba karɓar maganin hawan jini a wurina nan Jos, ya shigo kanti yana yarfa hannun dama. Ya ce, "'Yata, ba ni maganin jijiya mai ƙarfi, irin mai bitamin ɗin nan, ki haɗa min da na ciwon jiki." Na ce, "Baba, me ya sami hannun?" Ya ce yatsu biyu ne suka mutu, ƙaramin da na kusa da shi, wani lokaci kuma kamar ana tsira musu allura, yau kusan mako uku ke nan. Likitansa ne ya ce ya riƙa motsa jiki, shi kuma ya sayi keke, kullum da sassafe yakan yi kusan awa ɗaya a kai. Jinin ya fara sauka, barci ya daidaita. To amma yanzu uwargida ta ce keken nan ne zai shanye masa hannu, ya jingine shi. Wannan maganar ta jingine keke ita ta fi damuna, domin na san wahalar da ake sha kafin a shawo kan mai shekara kusan sittin ya fara motsa jiki.

Ina cikin tambayoyi sai ya zaro safar hannu daga aljihu, ya ce ai har kariya yake sawa, ɗansa ne ya aiko masa daga Legas. Na karɓa na matsa tafinta, sai na ji tudu uku na soso mai kauri, irin mai laushin nan da ake kira jel. Na tambaye shi yaushe ya fara sa ta. Ya yi lissafi, ya ce wata guda ke nan.

Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa a hannun, mai karatu. Ka taɓa buga gwiwar hannunka a ƙofa ka ji wani abu kamar lantarki ya tsarga har ƙaramin yatsa? Jijiyar da ka buga ita ce ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ita ce kuma ke motsa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu. Idan ta iso wuyan hannu takan bi ta wani ɗan matsattsen lungu a gindin tafi, ɓangaren ƙaramin yatsa, wanda wani likitan Faransa mai suna Felix Guyon ya yi bayaninsa a 1861, har yau kuma da sunansa ake kiran wurin. Daidai nan ne mai keke yake ɗora nauyinsa. Akwai jijiya ta biyu da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu, mai kula da babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Shi ya sa tambayata ta farko ga mai irin wannan kuka ita ce, waɗanne yatsu ne? Amsar takan nuna inda ake danne jijiyar.

Kada a ce na ce soso ba shi da amfani. Mutane da yawa yana rage musu dannewa da girgizar hanya, in kuma taka safar tana maka daɗi, ci gaba da abinka. Matsalar ita ce masu ɗinka safar ba su auna hannunka ba. In tudun bai faɗa inda ya kamata ba, ko safar ta yi maka yawa har soson ya naɗe ya taru wuri ɗaya, sai ya zama kamar tsakuwa a cikin takalmi. Mai kauri sosai kuma yana ƙara wa kan keken faɗi, mai ƙaramin hannu sai ya ƙara damƙa da ƙarfi ba tare da ya sani ba. Safar Baba ta yi masa girma, da ya dunƙule hannu sai na ga tudun gefe ya zame ya hau kan lungun jijiyar sak.

Ban sayar masa da abin da ya zo nema ba, ya kuwa ji haushi. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna iya tayar da hawan jini, su wahalar da ƙoda, su ci ciki, sannan ba za su ɗage abin da ke danne jijiya ba. Ƙwayoyin bitamin B da ake kira maganin jijiya kuma akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Abin da babba yake buƙata na bitamin B6 a rana bai kai miligiram 2 ba, amma wasu ƙwayoyin suna ɗauke da 100 ko 200 a guda ɗaya, kuma shan B6 mai yawa na tsawon watanni shi kansa yana lalata jijiya, ya kawo mutuwar yatsun da ake gudu. Suna da ranarsu, in likita ya tabbatar akwai ƙaranci.

Na ce ya huta da keken na mako biyu, ya riƙa tattaki a madadinsa, kafin nan ya nemo safa marar soso. Bayan kwana huɗu ya dawo ya ce babu. Duk kantin kayan wasannin da ya shiga mai kauri ake miƙo masa, mai kanti ɗaya har ya ce masa kaurin shi ne inganci. Ranar Asabar na shiga neman da kaina, na ga gaskiyarsa. Masu guntun yatsu da ake kawowa da sunan safar keke kusan duk da soso suke zuwa.

Dabarar da na gano ita ce ka daina cewa safar keke kake nema. Ka tambayi ta masu hawa tsaunuka da keke, mai dogayen yatsu. Da yawa daga cikinsu tafinsu shimfiɗa ɗaya ce siririya, saboda masu wannan wasa suna so su ji birki sosai a yatsunsu. In ba ka samu ba, je wurin masu sayar da kayan aiki ka duba siririyar safar makanikai mai tafin fatar roba. Tana da arha, tana da ƙarko, sai dai ta fi zafi. A Kasuwar Katako, cikin tarin safunan gwanjo da ake zubewa lokacin hunturu, na tsinci biyu masu kyau bayan na sha tono. Mai saye ta intanet, a Jumia ko Jiji, kada ya yarda da hoton bayan safa kawai, ya nemi a nuna masa tafinta, in kuma ya ga kalmar gel a bayanin kayan ya wuce. Akwai masu ba da shawarar safar 'yan wasan golf, kuma siririya ce ƙwarai, amma ta hannu ɗaya ake sayarwa, sai ka yi ta neman 'yar uwarta. Ta mai tsaron gida a ƙwallo da ta roba irin wadda nake sayarwa a kanti, kada ma ka fara.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ta zo min a ƙarshe. Ka kai safarka mai soso wurin mai gyaran takalmi ko tela, ya farke ɗinkin tudun, ya zare soson, ya mayar. In manne shi aka yi da gam, to ba zai fita da kyau ba, bar ta.

Ko wacce ka samu, gwada ta kafin ka biya. Sa ta, ka damƙi kan keke ko sandar tsintsiya na minti biyu. Kada tafin ya tattare, kada ɗinki ya bi ta gindin tafin, kada ta ja tsakanin yatsu, maɗaurin wuyan hannu kuma ya bar wurin da yatsa ɗaya zai shiga. Ta gwanjo a wanke ta da sabulu ta bushe a rana tukuna.

Wani zai ce to me ya sa ba za a hau da hannu haka nan ba? Ana iya hawa. Amma wanda ya faɗi daga keke tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, gumi yana sa santsi, ga sanyin Jos na watan Disamba da Janairu da ke ƙandarar da yatsu har birki ya gagara kamawa.

Safa kaɗai ba ta gama aikin. Da Baba ya kawo keken na ga hancin sirdin ya sunkuya ƙasa, wato duk tafiyar yana zamewa gaba yana tokare jikinsa da hannu. Mai gyaran keke ya daidaita sirdin, ya ɗaga kan keken kaɗan. Kai ma ka duba naka, ka bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, wuyan hannu a miƙe, ka riƙa sauya riƙo kana yarfa hannu duk bayan minti goma ko sha biyar.

Akwai inda zancen safa ya ƙare, sai asibiti. In mutuwar yatsun ta wuce mako biyu bayan ka huta, ko ka kasa murɗa makulli, ko yatsun sun fara ƙudundunewa, ko naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya fara ramewa, ga likita. Mai ciwon suga ya lura, tasa lalacewar jijiyar ta fi farawa daga ƙafafu biyu, wanda kuma ya daɗe yana shan metformin ya nemi a auna masa bitamin B12, domin maganin yana rage shi. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya a kantin magani.

Baba dai safar ɗansa ya kai aka cire wa soso, aka kuma rage mata faɗi, don ya ce ba zai jefar da kyautar yaro ba. Ya koma kan kekensa da rabin awa a rana. Da ya zo karɓar maganinsa na wannan watan ya ce yatsan kusa da ƙaramin ya dawo daidai, ƙaramin ne dai da saura kaɗan a bakinsa. Na ce in bai gama sakewa ba nan da mako biyu, ya faɗa wa likitansa ranar da zai je awon jini.