Fim ɗin Matsafa da 'Yan Kallonmu

Masu karatu, in aka tado zancen Living in Bondage, fim ɗin matsafan nan na harshen Ibo da ya fito a 1992, sai kawuna su rabu a majalisarmu ta Dutse. Samari su ce fim ne na araha, hoto dishi-dishi, matsafan kamar 'yan tashe. Ni kam ban bi su ba. Abin tsoron ai Andy ne, mijin da ya miƙa matarsa Merit ga ƙungiyar asiri saboda kuɗi. Mata sun fi mu gane wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan kallo: mutum ya sayar da riɗinsa a kasuwar Shuwarin, ya yi rufin kwano, sai maƙwabta su fara ƙus-ƙus, wai jini ya sha.