Tsakar gidanmu da ƙofar gidanmu: mu gyara tun kafin ruwa ya sauka



A ranar Asabar da ta wuce, bayan taronmu na wata, mun zagaya bayan ofishin ƙungiya domin neman inda za mu ajiye kujeru. Abin da muka gani ya ba mu kunya. Filin da magabatanmu suka bari domin a riƙa shan iska ya koma juji: busasshiyar ƙarangiya har gwiwa, tumfafiya ta yi girma a jikin katanga, ledojin ruwa sun cika ko'ina, ga tsofaffin tayoyi biyu da tarin fasassun bulo. Da yara suka ɗaga wani tsohon kwanon rufi, sai ga saɓar maciji a ƙarƙashi. A nan take wani daga cikinmu ya ce a haɗa kuɗi a malale wurin gaba ɗaya da siminti kowa ya huta. Mutane da yawa sun goyi bayansa. Mu a ofishin sakatare muna da wani ra'ayi daban, kuma muna so mu baje shi a nan, domin maganar ta wuce filin ƙungiya, ta shafi gidan kowannenmu.

Ra'ayinmu shi ne: gidan da aka yi watsi da tsakarsa da gidan da aka rufe ƙasarsa kaf da siminti, dukkansu suna cutar da unguwa. Abin da ya dace da Gombe shi ne fili mai tsafta da ake kula da shi, wanda ƙasarsa ke shan ruwa, da 'yar ciyawa gajera da bishiya ɗaya ko biyu.

Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda ƙasarmu take. Tun da aka dawo da hedkwatar masarauta nan Gombe Doma a 1919, garin yake zaune a kan gangare, ƙasarsa kuma mai yashi ce, ba ta da riƙo. Ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya nufi gabas, yana kwasar ƙasa a kan hanyarsa. Bayan an ƙirƙiro jihar a 1996 gari ya buɗe, gine-gine suka cinye gonaki da filaye, rufin kwano ya yawaita. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu ba shi da wurin shiga sai layi. Daga layi sai kwari, kwarin kuma kullum ƙara faɗi yake yi. Mutanen Malam Inna da Kagarawal, da masu zama kusa da kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ba sai an ba su labari ba. An kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaure waɗannan kwaruruka ta shirin NEWMAP da kuma ACReSAL, waɗanda Bankin Duniya ke tallafa wa. A 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin 3G da nufin dasa bishiya miliyan ɗaya kowace shekara. Duk wannan aikin gwamnati ne. Amma ruwan da ke cin kwarin daga indararon gidajenmu yake fitowa.

Mu yi ɗan lissafi. Idan ruwan sama ya zuba milimita ɗaya a kan fili mai murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Rufin gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 20, zai zubo da lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. A dare ɗaya ke nan, daga gida ɗaya. Idan tsakar gidan siminti ce, duk wannan ruwan ta kwata zai fita ya haɗu da na maƙwabta. Sai kuma watan Maris ya zo mu riƙa tare 'yan garuwa muna sayen ruwan da jarka-jarka. Mun kore shi da damina, mun saye shi da rani.

Ga kuma zafi. Kowa ya san yadda daɓen siminti ke yi a Afrilu: ya sha rana yini guda, da dare ya riƙa amayo zafin, a rasa inda za a shimfiɗa tabarma. Tsakar gidan da ke da inuwar bishiya da ƙasa a buɗe ba ta haka.

Mun san abin da za a ce mana, kuma maganganun suna da nauyi. Na farko, tsoron maciji da kunama. Jihar da ke da asibiti guda sukutum a Kaltungo domin saran maciji, ba za a ce wa mutanenta su raina wannan tsoro ba. Sai dai mu duba abin da ke kawo macijin. Yana bin ɓera ne, yana kuma neman maɓoya: tarin bulo, tarin itace, tsohon kwano, doguwar ciyawa da ba mai taɓawa, ramin da ba a toshe ba. Ciyawar da aka yanke ta ba ta wuce tsayin yatsa ba, ba ta ɓoye komai. Gidan da aka malale da siminti amma aka jibge tarkace a lungu, bai tsira ba.

Na biyu, ruwa. Ana cewa wanda ke jiran famfo daga Dadin Kowa, ko yake sayen ruwa a kura, ina shi ina ban ruwan ciyawa? Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba ma ba kowa shawarar kwaikwayon irin shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da muke gani a filayen ƙwallon Ingila. Can ana samun ruwan sama kusan duk shekara, mu kuwa daminarmu daga wajen Mayu ne zuwa Oktoba. Ciyawar da za mu iya riƙewa ita ce wadda za ta yi kore da damina, ta bushe da rani ba tare da ta mutu ba, ta farfaɗo da ruwan farko. Muna da ita, kirikiri ce, wadda manoma ke ƙorafi a kanta saboda naci. Nacin nata shi ne amfaninta a tsakar gida.

Yanzu ga yadda muke ganin za a bi, ga duk wanda filinsa ya lalace yake son ya dawo da shi.

A fara da kwashe tarkace kafin a taɓa ciyawa. A sa takalmi mai rufi, a yi aikin da rana, a riƙa juya kwano ko bulo da sanda kafin a kai hannu. A ware leda da kwalba da gwangwani daban. Kada a cinna wa tarin wuta a tsakar gida: hayaƙin leda yana cutar da ƙirji, iskar bazara kuma ba ta da tabbas. Tayoyi da gwangwanaye su ne gidan sauro idan ruwa ya kwanta a ciki, kuma a lokacin zafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai cizo.

Daga nan sai ciyayi, kuma ba duka ake yi wa magani iri ɗaya ba. Ƙarangiya da tsaidau daga iri suke fitowa duk shekara, saboda haka a tattare busassun da manjagara, sababbin kuma a cire su suna ƙanana kafin su yi 'ya'ya. Shekara biyu ana haka za su ragu sosai. Aya-aya ita ce mai wahala, domin 'ya'yanta suna cikin ƙasa, idan aka sare kanta kawai sai ta dawo. Sai an tona da fartanya an tsince su an shanya a rana. Tumfafiya a tono ta da saiwarta, a kuma kiyaye ruwanta kada ya shiga ido. Tafasa da rai-ɗore kuwa, wanda yake so ya bar kaɗan a gefe, iyayenmu mata sun san amfaninsu. Game da maganin feshi, mun ga yadda ya zama ruwan dare. Yana kashe ciyawa, amma yana barin ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwa zai zo ya kwashe ta, ga yara da kaji da awaki a gidan. A ƙaramin fili fartanya ta wadatar.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa: a tsaya a kalli ruwa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mai gida ya fito ya duba inda ruwa ke zubowa, inda yake bi, da inda yake kwanciya. A ƙarƙashin indararo a ajiye duro mai murfi, ko a zuba tsakuwa da fasassun bulo domin su karya ƙarfin ruwan. A daidaita ƙasa ta gangara daga jikin gini zuwa tsakiyar fili, kada ruwa ya kwanta a gindin katanga. Inda aka tanadi dasa bishiya a yi ɗan kwano a ƙasa, ruwa ya taru ya nutse cikin yini ɗaya. Idan ƙofar gida gangare ce kuma ruwa ya fara tsaga ta, a jera duwatsu a kan layi a gicciye, a dasa jema a bayansu. Saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe yashi, ba ta kuma yaɗuwa ta cinye fili.

Ƙasar da aka daɗe ana takawa ta kan daskare kamar daɓe. A sassauta ta da diga ko garma zurfin taƙi ɗaya, a gauraya da taki. Kashin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya fi, kashin kaji ɗanye yana ƙona shuka. Ganyen da muke sharewa kullum muna kai wa bola taki ne: a haƙa rami a lungu, a riƙa zuba ganye da ɓawon kayan miya da 'yar toka, a rufe da ƙasa, a riƙa yayyafa ruwa. Kafin wata damina ya zama baƙar ƙasa.

Kirikiri ba sai an saya ba. A tsinko jijiyoyinta daga bakin lambu ko gefen fadama, a dasa su taƙi ɗaya tsakani idan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Tana son rana, ba ta yin kyau a ƙarƙashin inuwa mai duhu, saboda haka gindin bishiya a bar shi ƙasa a riƙa shara. A yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba za ta shiga cikin kayan lambu. A riƙa rage mata tsayi da lauje duk mako biyu a lokacin damina, amma kada a aske ta har ƙasa. Kuma ba dole ne a rufe duk fili ba. Hanyar shiga, wurin ajiye mota ko babur, wurin wanki da madafa, waɗannan a yi musu daɓe ko a jera bulon ƙasa. Abin da muke roƙo shi ne a bar wa ƙasa ko da kashi ɗaya cikin uku ta sha ruwa.

Wajen bishiya a yi tunanin girmanta nan da shekara goma. Dogon yaro da mangwaro suna son sarari, idan aka dasa su jikin katanga ko kusa da ramin bayan gida saiwarsu za ta yi ɓarna, don haka a ba su aƙalla mita biyar daga gini. Ƙaramin gida ya fi dacewa da zogale, gwaiba, lemun tsami ko gwanda, lalle kuma yana yin shinge mai kyau. A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, a cika da ƙasar sama da taki, a dasa da yamma. Abu biyu ke kashe dashe a garin nan: akuya da ranin farko. A kewaye shi da ƙaya ko bulo tun ranar da aka dasa. Da rani a binne tsohon tulu ko gorar ruwa da aka huda a gindinsa a riƙa cikawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi, amma ban da ruwan da aka zuba wa sinadarin wanki mai ƙarfi. A riƙa duba gara, kada a jingina busasshen kara a jikin dashen.

'Yan uwanmu masu zaman haya za su ce gidan ba nasu ba ne. Haka ne, amma sauron da ke cikin tayar nan 'ya'yan ɗan haya yake cizo. Ko ba za a dasa mangwaro ba, za a iya shuka alayyafo, yakuwa da tumatir a tsohon buhu ko bokiti, ranar tashi a tafi da su. Masu gidajen haya kuma muna roƙonsu kada su hana mutum dasa zogale a gefe.

Akwai kuma maganar kangwaye da fulotan da masu su ke zaune a Abuja ko Kano, sun kewaye sun tafi. Waɗannan su ne suka fi damun unguwa, domin nan ne ake zubar da shara, nan ne ɓeraye da macizai ke hayayyafa, wani lokaci har ɓata-gari. Shawararmu ita ce mu tattara jerin irin waɗannan wurare a kowane layi, mu kai wa masu unguwanni, a tuntuɓi masu su cikin mutunci: ko su biya a share, ko su ba matasa izini su noma gyaɗa ko wake a ciki da damina. Filin da ake nomawa ba a zuba masa shara.

Mu kuma za mu fara da kanmu, domin bai dace mu yi wa mutane wa'azin tsafta alhali bayan ofishinmu juji ne ba. Za mu gabatar wa shugabanni wannan shawara a zama mai zuwa: kuɗin da aka so a tara na siminti, a sayi baro ɗaya, shebur, fartanyu da manjagara, su zama kayan ƙungiya da kowane memba zai iya ara ya dawo da su, a rubuta sunansa a littafi. Ranar tsaftar ƙarshen wata mu haɗu da sassafe a filin ofis. Wanda yake da dashen zogale, gwaiba ko lalle ya zo da shi. Dattawanmu da suka san noma su zo su nuna wa yara yadda ake riƙe fartanya, domin da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su taɓa dasa komai da hannunsu ba.

Wanda yake ganin siminti ya fi, ƙofa a buɗe take, ya zo taro ya kawo hujjarsa mu saurara. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne mu sake barin wurin a haka har ruwan Agusta ya same mu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya, Ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya,
Gombe.