Harbin Mai Jego Ba Jarumta Ba Ne

Masu jiran ci gaban labari su yi mini afuwa, yau ba zancen soyayya ne ke tafe da ni ba, wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban furzar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi tafiya ba. Mu marubuta mun saba kambama maharbi a littattafanmu, mu rataya masa kwari da baka, mu tura shi ƙungurmin daji ya yi gaba da gaba da namun dawa, mai karatu ya yi ta jinjina. To akwai wata farauta da ake yi duk shekara a duwatsun yammacin Amurka, masu yin ta su durƙusa a bayan gawar dabba suna yaƙe haƙora a ɗauke su hoto, su baza a intanet, har na ga samarinmu na tura wa juna suna cewa ga maza. Ni kuwa na ce babu wata mazantaka a ciki, cin zali ne kawai aka yanka masa lasisi.

Dabbar ita ce baƙar beyar. Ba mu da ita a dajinmu, saboda haka bari in siffanta ta. Jibgegiya ce mai gashi buzu-buzu da farata, ƙosasshen namiji yakan kai nauyin buhun masara har ya haura, tana hawa bishiya kamar biri, kuma duk da kwarjininta yawancin abincinta ciyawa ce da 'ya'yan itatuwa da ƙwari. Sunan ma bai cika gaskiya ba, domin a waɗannan duwatsu da yawansu jajaye ne ko masu ruwan ƙasa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan hunturunsu ya kama, wajen watan Nuwamba, sai ta shige kogo ko rami ta kwanta wata biyar, wani wurin har shida. Ba ci, ba sha, ba fitsari, ba bayan gida, kitsen jikinta kaɗai ke riƙe da ita. Ikon Allah, a cikin wannan kwanciya ne macen take haihuwa, a Janairu ko Fabrairu, 'ya'ya biyu ko uku, kowanne bai kai rabin kilo ba, idanu a rufe. Haka za ta yi ta shayar da su da cikin da babu komai, har ta zubar da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, ko ma fiye. Sai Afrilu ko Mayu, da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ta fito a rame a galabaice tana neman ɗanyar ciyawar da ta fara tsirowa a gangaren da rana ta fi bugawa. Wannan lokaci shi ake fassara mana da bazara, amma ba irin bazararmu ta zafi da gumi ba ce, lokaci ne da ƙasa ke farfaɗowa daga sanyi.

To jama'a, a daidai wannan lokacin ne jihohin Aidaho da Montana da Wayomin suke buɗe farauta, daga Afrilu, wasu yankunan har cikin Yuni. Maharbi ya san inda ciyawar take, ya san yunwa za ta kawo dabbar. Sai ya hau dutsen da ke fuskantar gangaren ya zauna da tabarau mai jawo nesa kusa, ya dirka mata harsashi daga nisan mita ɗari biyu ko uku, ba ta ji ƙamshinsa ba balle ta gan shi.

Za su ce maka ai doka ta hana harbin uwa mai tafe da 'ya'ya. Gaskiya ne, yana nan a rubuce. Amma wanda ya rubuta dokar ya san halin dabbar sarai. Uwar beyar takan kora 'ya'yanta su hau bishiya, ita ta tafi kiwo, ta daɗe ba ta waiwayo su ba. Mutumin da ke hangen ta daga tsallaken kwari ita kaɗai zai gani. Kuma bambanta mace da namiji a wannan dabba daga nesa aiki ne da ke ba ƙwararru ma wahala, sai dai a yi ta kintace da girman kai da yanayin tafiya. Idan ya harba ya iso ya juya gawar ya ga nono cike da ruwa, me ya rage? Ihu bayan hari. 'Ya'yan suna can bisa reshe suna jira, watansu uku ko huɗu da haihuwa, alhali a ƙa'ida sai sun yi kusan shekara ɗaya da rabi tare da uwarsu. Yunwa ce za ta kashe su, ko wata dabbar ta cinye. Ba sa shiga lissafin ma'aikatar kula da namun daji, domin ba wanda ya kai fatarsu ofis aka buga mata hatimi. Allah Sarki! Kuma macen nan sai ta shekara uku zuwa biyar kafin ta fara haihuwa, daga nan sai bayan shekara bibbiyu.

Wannan fa na masu ɗan kunya ke nan, waɗanda aƙalla suka hau dutse suka yi gumi. Akwai waɗanda suka fi su. A Aidaho da wasu sassan Wayomin doka ta yarda mutum ya kai durom daji ya cika shi da ragowar burodi da kayan zaƙi da tsohon man suya, ya ɗaure a jikin bishiya, ya yi ta zuwa yana ƙarawa har dabbar ta saba. Ya maƙala kyamara tana ɗaukar masa hoton duk wadda ta zo da ƙarfe nawa ta zo. Ran da ya shirya, ya hau wata 'yar kujera da aka kafa a bisa bishiya, taku ashirin ko talatin daga durom ɗin, ya jira. Dabbar da ta yi wata biyar ba ta sa komai a baki ba ta zura kai cikin durom, ya sakar mata wuta. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan wane gudu ya ci? Wallahi mahaucin da ya kayar da sa a mayanka ya fi shi shan wuya.

Sai masu karnuka. A sa wa kowane kare abin wuya mai na'urar da ke nuna inda yake, a sake su, su yi ta bin dabbar da ba ta gama dawowa hayyacinta ba har ta haye bishiya, mai karnukan ya biyo yana duba allon na'urarsa, ya tsaya a gindi ya harbo ta kamar mai kakkaɓar mangwaro. Montana ta yi kusan shekara ɗari da hana wannan, sai ga shi a 2021 majalisar jihar ta dawo da shi, gwamna ya sa hannu.

Yanzu mu koma kan maganar launi. A waɗannan duwatsu akwai wata beyar ɗin da ake kira girizili, wadda ta fi girma, kuma tun 1975 dokar tarayya ke kare ta saboda ta kusa ƙarewa. Durom ɗin burodi bai san baƙa ba bai san girizili ba, duk wadda ta ji ƙamshi zuwa take. A watan Yunin 2024 wani maharbi a arewacin Aidaho ya ga wata na zuwa wurin da ya zuba abincinsa, ya yi shakka, ya aika wa ma'aikatar jihar bidiyo, ma'aikatan suka duba suka ce baƙa ce. Ya harbe, ashe girizili ce. Su kansu masu albashi a kan sanin dabbar sun kasa bambanta jinsi da jinsi a bidiyo, amma ana so in yarda cewa baƙon da ya zo daga birni zai bambanta mai jego da namiji daga tsallaken kwari. Daga 2025 jihar ta wajabta wa masu wannan farauta cin jarrabawar gane beyar, wadda ake yi a kwamfuta.

Ba zan yi musu rowar adalci ba, suna da hujjoji, kuma wasu ba na banza ba ne. Sun ce baƙar beyar ba ta cikin haɗarin ƙarewa, akwai dubban ɗaruruwa a Amurka da Kanada. Haka ne. Sun ce maza ke riga fitowa daga kogo, don haka yawancin abin da ake kashewa a wannan lokaci maza ne. Wannan ma haka ne. Amma ni ban ce za a ƙarar da su ba, cewa na yi ana kashe uwa a bar jarirai, kuma yawan dabba bai taɓa zama lasisin zaluntar ɗaya daga cikinta ba. In rage yawansu ake so, ga kaka nan, lokacin da 'ya'yan suka tasa, dabbar ta yi ƙiba tana da ƙarfin gudu, kuma duk jihohin nan suna da farautar kaka. Me ya sa sai an haɗa da watan jego?

Sun ce ana rage su ne don kada su riƙa shiga gari suna ɓarna. Lardin Ontariyo na Kanada ya gwada wannan a aikace: ya soke farautar bazara a 1999, ya dawo da ita a wasu yankuna a 2014 a matsayin gwaji, daga baya ta zama ta dindindin. Da masana suka bi lissafin ƙorafin jama'a, ba su ga farautar ta rage shi ba. Abin da ke koro beyar gari shi ne shekarar da 'ya'yan itatuwan daji suka yi ƙaranci, da bolar da aka bari a buɗe. Kuma mutumin da ke koya wa dabba cin burodi da man suya a daji, da wane baki zai yi kukan ta biyo ƙamshinsu bayan gidansa?

Sun ce nama suke nema. Wasu kam suna ci, kuma Montana ta hana barin naman ya lalace. Amma a Aidaho da Wayomin doka ba ta tilasta maharbi ɗaukar naman beyar ba, abin da ake so ya gabatar shi ne fata da ƙoƙon kai. To a nan asiri ya tonu. Fatar ce ake so, domin a wannan lokaci gashin ya fi tsawo da sheƙi, a shimfiɗa a falo baƙi su gani. A Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure, farauta don wasa makaruhi ce, ta neman abinci ce aka halatta, kuma sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, da ya ga yadda take fuffuka a kansu. Na san mutanen nan ba da Risala suke aiki ba, to mu auna su da mudunsu.

A watan Nuwamban 1902 Shugaba Tiyodo Ruzbelt, wanda maharban Amurka ke ɗauka uban gidansu, ya je farautar beyar a jihar Misisifi. Jagoransa, wani baƙar fata tsohon bawa mai suna Holt Koliya, ya bi wata da karnuka har ta gaji, ya ɗaure ta a bishiya, aka kira shugaba ya zo ya harba. Ya ƙi, domin a ganinsa wannan ba farauta ba ce. Daga wannan labari ne aka samo 'yar tsanar nan mai siffar beyar da ake kira Tedi, wadda samari ke saya wa 'yan mata a cikin littattafanmu ba tare da mun san asalinta ba. Dabbar dai ba ta tsira ba, da wuƙa aka ƙarasa ta don ta riga ta jikkata. Amma ina tambayar jikokinsa na yau: mene ne bambancin igiyar da ta ɗaure waccan da yunwar da ta ɗaure wannan a bakin durom?

Kada wani ya ce ni baƙo ne ina tsoma baki a abin da ba a kasa da ni ba, ko ya ce laifi tudu ne. Na san yadda farautar gayya da ƙonen daji suka share namun dajinmu, wannan magana ce ta wata rana kuma ba zan sassauta mana ba. Abin da nake faɗa yau su kansu mutanen ƙasar sun riga ni faɗa. A 1992 jama'ar Kolorado, jiha mai duwatsu da maharba jingim, suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 70 cikin ɗari suka haramta farautar beyar a bazara, da zuba mata abinci, da bin ta da karnuka. Oregon ta hana abincin tarko da karnuka a 1994, Washinton ta bi sahu a 1996. A 2022 hukumar namun dajin Washinton ta rufe farautar bazara ta nishaɗi, da ƙuri'a biyar a kan huɗu, duk da kukan masu gonakin katako cewa dabbar na ɓare musu ɓawon itatuwa. Yau fiye da shekara talatin da ƙuri'ar Kolorado, maharbanta na nan suna farautarsu a kaka, ba wanda ya ƙwace musu bindiga.

Saboda haka ɗan uwa, in aka sake turo maka hoton nan na mutum durƙushe a bayan baƙar dabba, ga ɗanyar ciyawa shar a ƙasa, ga sauran ƙanƙara a kan duwatsu, ka duba watan da aka ɗauka, ka tambayi wanda ya turo ko mace ce ko namiji. Ci gaban labarinmu kuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.