Wanda Ya Ƙera Tsarin Ɗab'i, Ya Rubuta Sharhinsa

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malaman zaure a ƙasar Gobir, ko a Sabon Birni ko a Isa, ya san cewa Muhtasar na Shaihu Halilu, saboda tsananin taƙaitawarsa, ba ya buɗuwa ga ɗalibi sai da sharhi, sharhin kansa ma wani zubin sai an bi shi da hashiya a gefen takarda. Abin al'ajabi shi ne, 'ya'yanmu da suka shiga fannin ɗab'i da kwamfuta, jikokin waɗancan malamai, sun yi watsi da wannan kyakkyawar al'ada, alhali kuwa babu sana'ar da ta kai tasu bukatarta.

Bari in fayyace mas'alar ga wanda bai san ta ba. A shekarar 1978 wani shaihin malamin kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Stanford a Amurka, Donald Knuth, da ya ga yadda maɗaba'a ta munana masa littafi, ya fito da manhajar tsara rubutu mai suna TeX. Daga baya Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kanta, ita ce kuwa ɗaliban lissafi da kimiyya da dama suke rubuta kundayensu da ita a yau, har a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Fa'idarta ita ce kowa yana iya ƙera nasa ƙunshin umarni, ko nasa tsarin shafi, wanda zai hukunta faɗin gefe da girman harafi da yadda babi zai fara. Masu wannan fanni tun da wuri suka hangi haɗarin matani maras sharhi, shi ya sa a 1989 Bajamushe Frank Mittelbach ya wallafa hanyar da bayani da umarni za su zauna cikin fayil guda, kowane layi da dalilinsa kusa da shi.

To, mu fa? Abin da aka saba shi ne, wani haziƙi ya yi dare yana gyara tsarin kundi har ya dace da ƙa'idar sashensu, ya kammala karatu ya tafi bautar ƙasa, tsarin kuma ya ci gaba da yawo daga filashi zuwa filashi, babu sunan mai shi, babu tarihi, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Sai ranar da ƙanensa ya buɗe shi a wata kwamfuta wadda ba ta da irin harafin da aka zaɓa, ya buga shafi, ya tarar kowane ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace, ɗaki ya koma aki, manhajar kuwa ba ta tsaya ba, gargaɗinta yana can binne cikin rahoton da ba mai karantawa. Layi biyu na bayani da sun isar masa.

Bukatar ta fi tsanani a bakin iyaka. Mutumin Sabon Birni da ɗan'uwansa na Tsibiri ko Maraɗi harshensu ɗaya, kakanninsu ɗaya tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, amma ƙa'idar Nijeriya tana rubuta 'y, ta Nijar kuwa ƴ mai lanƙwasa; wajibi ne mai ƙunshi ya bayyana wadda ya bi, da yadda za a juya zuwa ɗayar. Haka nan mai son ajami, lalle a gaya masa ko rubutun Warshu aka nufa, mai ɗigon fa'un a ƙasa, da kuma harafin da zai nema, kamar Alkalami na ƙungiyar SIL.

Na san za a ce ai intanet cike take da amsoshi. Wannan hujja ce ta mazaunin birni. Mutanen Isa da Sabon Birni ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa saboda 'yan bindiga, aka yi makonni mutum bai iya ko gaida nasa ta waya ba. Ɗalibin da ya koma gida da kundinsa a irin wannan hali ba shi da malami face abin da ke cikin fayil ɗin. Amsoshin intanet ɗin ma da Turanci suke, kuma ba su san tsarin da wani ya ƙera a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassa a jami'o'inmu da kwalejojinmu, kada su amince da wani tsarin kundi sai ya zo da sharhinsa: sunan maƙerinsa, da shekarar da aka yi shi, da harafin da yake bukata, da misalin shafi guda da aka gwada haruffa masu lanƙwasa a cikinsa. In da hali a rubuta shi da Hausa, domin mai shagon buga takardu a kasuwar Isa ma ya amfana.