Kunnen da ke Cikin Wayar Hannu

Da yawanku a wayar hannu kuke jin muryata yanzu. To yau a kan kunnen wayar nan za mu yi magana.

Saƙon da ke tasowa daga turken sabis kafin ya iso wayarka ya galabaita ƙwarai, ga kuma dubban saƙonnin wasu sun cika iska. Kamar a yi maka raɗa ne a tsakiyar Kantin Kwari ana jajibirin Sallah. Dole a sami sashen da zai tsamo naka, ya ƙara masa ƙarfi, ba tare da ya haɗa shi da tasa hayaniyar ba. Nan lissafin sifili da ɗaya na kwamfuta ba ya aiki. Wutar lantarki ce mai hawa da sauka, wadda zafi kaɗan ko tsawon siririyar waya ɗaya ke iya sauya halinta. Wannan shi ne fannin analog, kuma ba a ƙware a cikinsa da gaggawa.

Har farkon shekarun 1990, da kayan tsada irin su galiyam asanayid ake ƙera wannan sashe. Fasahar CMOS mai araha, wadda ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ita, yawancin injiniyoyi sun ɗauka ba za ta iya aikin rediyo ba. Farfesa Asad Abidi, haifaffen Pakistan, wanda ya kama koyarwa a jami'ar UCLA ta Amurka a 1985, bai yarda ba. Wata babbar matsala ita ce naɗin waya: in an shimfiɗa shi a kan silikon da ake yin CMOS da shi, sai silikon ɗin ya riƙa zuƙe ƙarfin saƙon. A 1993 shi da abokan aikinsa suka nuna mafita. Suka rarake silikon ɗin da ke ƙarƙashin naɗin, ya zauna a rataye bisa rami, abin da sai da madubin ƙara girma ake gani.

Daga irin waɗannan ɗakunan bincike kamfanoni suka tsiro. Teresa Meng ta jami'ar Stanford ta kafa Atheros a 1998 don yin Wi-Fi da CMOS, Qualcomm ta saye shi a 2011 a kan dala biliyan 3 da ɗoriya. Arahar da ta sa ɗan acaɓa da mai ƙosai suka mallaki waya bayan zuwan GSM Najeriya a 2001, akwai hannun ɗaliban digiri na uku na irin waɗannan ɗakunan bincike a cikinta.

Abin da ke damuna shi ne mu har yanzu saye muke yi da gyara. A da muna da uzurin cewa kayan zanen sun fi ƙarfin aljihun jami'o'inmu. Amma tun 2020 Google da kamfanin SkyWater suka buɗe wa kowa ƙa'idojin zane a fasaharsu ta nanomita 130, kyauta. Ɗalibi a jami'ar da ke Samaru ko a ta Bayero zai iya zana da'irarsa a kwamfuta, a aika waje a ƙera. Abin da ya rage shi ne malamin da za a bari ya zauna kan matsala ɗaya shekara biyar, da na'urorin awo, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakar gwaji. Ina kira ga TETFund ta ware wa wannan fanni kuɗi na musamman.