Kofuna 7 na Nick Saban: tarihin da zai yi wuya a maimaita

Idan kana cikin masu raba dare a Facebook ana musu kan wane koci ne ya fi kowa, Ferguson ko Guardiola, to matso ka ga wani lissafi daga Amurka. Mai lissafin shi ne Nick Saban, kocin ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallo ana ture-ture kamar zari-ruga. Ɗaliban jami'a ya horar, amma kada ka raina abin: filin Jami'ar Alabama yana cin 'yan kallo kusan 100,000.

Saban ya fara shugabantar masu horarwa a Jami'ar Toledo a 1990, ya koma Michigan State a 1995, sannan LSU a 2000, inda ya ci kofin ƙasa na kakar 2003. Ya gwada sa'a a gasar ƙwararru ta NFL tare da Miami Dolphins, abin bai karɓe shi ba: ya ci wasa 15, aka doke shi sau 17. A 2007 ya karɓi Alabama, ya kawo mata kofi shida: 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Bakwai ke nan jimilla, ya zarce Bear Bryant mai shida. A hukumance ya yi nasara 292, rashin nasara 71, canjaras ɗaya. Ya ajiye aiki a Janairun 2024.

To, ga abin da alƙaluman ba za su faɗa maka ba. Mafi yawan kofunan nan an ci su ne a zamanin da doka ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi, alhali albashin Saban ya kai ga haura dala miliyan 10 a shekara. Kuma yaron da ya sauya jami'a, galibi sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Ka ga koci zai iya tara zaratan yara, ya ajiye wasu a benci shekara biyu yana gyara su, ba inda za su.

A 2021 lissafi ya juya. Hukumar NCAA ta yarda ɗalibi ya ci kuɗin talla da sunansa, ta kuma sassauta dokar sauya sheƙa. A Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekara ga kowace jami'a. Yau yaron da aka bari a benci sai ya tattara kayansa, wata jami'a na jiransa da kuɗi a hannu.

Wannan bai rage wa Saban komai ba, domin sauran kociyoyi ma da dokar ɗaya suka yi aiki, kuma ba su ci bakwai ba. Amma zamani riga ne. Kalen DeBoer da ya gaje shi ya ci wasa 9 ya sha kashi 4 a kakarsa ta farko, nan take aka fara guna-guni, kamar yadda magoya bayan Manchester United suka yi bayan tafiyar Ferguson a 2013.

Don haka kafin ka tura hoton kofunan wani koci ka rubuta "magana ta ƙare", tambayi kanka: da wace doka aka ci su, kuma nawa ya shiga aljihun yaran da suka sha karo a fili?