Mu Kai 'Ya'yanmu Yankari Su Ga Aikin Hannun Ubangiji



A kwanakin baya matasan wata ƙaramar ikkilisiya sun roƙi dattawansu izini su shirya tafiya zuwa gandun namun daji na Yankari. Dattawa suka ƙi. Suka ce rufin majami'a yana yoyo, albashin mai bishara bai cika ba, kallon dabbobi da tsuntsaye kuma aikin Turawa ne da masu kuɗi. Mun girmama damuwar iyayenmu, gama su ne suke riƙe da asusu, sun san nauyinsa. Duk da haka muna roƙo a sake duba wannan magana.

Yankari yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauci. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Ya zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun jihar a 2006. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,200. A ciki akwai giwa, da ɓauna, da dorina, da gwanki, da gadu, da kada, ga tsuntsaye sama da iri 350. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake tsaye a wajen digiri 31, rani da damina. Masana suna ƙiyasin giwayen da suka rage a can ba su wuce 100 zuwa 150 ba, amma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Nijeriya duka.

Mu da muka manyanta mun tashi muna ganin ungulu a kowace mahauta, muna jin kukan gauraka a fadama. Yau ina suke? A 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa a duniya, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne masu sayen kanta da ƙafafunta domin tsafi. Yaro ɗan shekara goma zai karanta sunanta a Littafi Mai Tsarki, alhali bai taɓa ganinta ba.

Kada mu nuna wa wasu yatsa. Wane ne yake cinna wa daji wuta da kaka domin ya kama gafiya? 'Ya'yan wa suke yawo da ɗanƙo suna harbin duk abin da ya tashi sama? Wa yake sayen naman daji a bakin hanya ba tare da tambayar inda aka samo shi ba? A cikinsu akwai masu zama a kujerunmu ran Lahadi.

Farawa 2:15 ta nuna mana Allah ya sa Adamu a gona domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe na farko, muka saki na biyu. Kubawar Shari'a 22:6-7 ta hana mutum ya haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta ya kwashe. Annabi Irmiya ya kunyata jama'arsa da shamuwa, wadda ta san lokacin zuwanta. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu 6:26, ya umarci almajiransa su dubi tsuntsaye su koyi dogara ga Uba. Yaya za mu koya wa yara wannan idan ba su taɓa zama shiru sun dubi tsuntsu ba? Gani ya kori ji. Yaron da ya ga giwa tana shan ruwa da ɗanta a Kogin Gaji, ko burtu yana takawa a cikin ciyawa, ba zai koma gida yadda ya zo ba.

Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu mun san halin wanda ba ya da yawa, wanda zamansa ya dogara ga masu tsoron Allah su tsare shi. Ya kamata mu fi kowa tausayin abin da ya kusa ƙarewa. Mu tuna kuma da manoman da suke maƙwabtaka da gandun, waɗanda giwaye sukan yi wa ɓarna a gona, da masu gadin daji da suke sa ransu cikin hatsari saboda mafarauta. Su ma suna bukatar addu'armu.

Shawararmu ita ce, ikkilisiyoyi uku ko huɗu su haɗa kai su ɗauki mota ɗaya. Kada a taɓa baikon Lahadi. Matasa su yi noman haɗin gwiwa, zumuntar mata ta taimaka da abinci. A tafi da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suke taruwa a bakin ruwa. A fita da sassafe, gama a lokacin ne tsuntsaye suka fi fitowa. Kafin a tashi, dattawa su bincika lafiyar hanya sosai, a yi tafiya da rana kaɗai, dattijo ɗaya ko biyu kuma su raka su. A bi umarnin masu jagora, a kula da gwaggon biri a masauki, domin ɓarawon abinci ne. Kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta sunayen tsuntsayen da ya gani, in an dawo a nemi tsofaffi su faɗi sunayensu da harshen gida.

Ikkilisiyar da Yankari ya yi mata nisa, ta fara da fadamar bayan gari. Dattawa, mun bar wannan a gabanku.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe amanarsa. Amin.